Tukunyar Lantarki Mai Barcin Wata Tara

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka taimake ni da fili a shafin wasiƙu, in yi magana da 'yan'uwana malamai da akawuna da sauran masu gidaje a kan wata baƙuwa da ta sauka ƙasarmu, muka karɓe ta hannu bibbiyu, amma ba mu tsaya mun tambayi halinta ba. Baƙuwar nan kuwa ita ce tukunyar dumama ruwan wanka ta lantarki, wadda ake kafewa a bangon makewayi, jama'a na ce mata hita.

Duk wanda ya san ƙasar nan tamu, tun daga Funtuwa zuwa Malumfashi, da nan Bakori da garuruwanta su Kabomo da Tsiga da Guga, ya san hunturunmu ba ya wasa. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ruwan randa kan kwana kamar an jiƙa ƙanƙara, tsoho ya tashi alwalar asuba yana kyarma, yaro kuwa sai an yi kokawa kafin a yi masa wankan makaranta. Iyayenmu da karan dawa da itace suka yi maganin wannan. Yanzu itace ya yi tsada, gawayi ya bi sahunsa, saboda haka duk wanda Allah ya buɗa wa ya gina gidan bulo, ko ya sayar da masara da auduga ya ga rarar kuɗi, sai ya tafi Funtuwa ko Zariya ko Kano ya ɗauko hita. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Abin da na gani shi ne, a kan kafa ta a manta da ita, sai ran da ta ƙi aiki, ko ta yi abin da ya fi ƙin aiki muni.

Asalin abin daga Turai da Amurka ne. A 1868 wani mai fenti a Landan, Benjamin Waddy Maughan, ya ƙera tukunyar da ke dumama ruwa da gas yana wucewa cikin bututu. A 1889 kuma wani mutumin Norwe mai suna Edwin Ruud, yana zaune a birnin Pittsburgh na Amurka, ya fito da irin wadda ke tara ruwa ta dumama shi, ta kuma kashe kanta in ya yi zafi. Tamu ta bango jikanyar wannan ce. To, ku lura, an ƙera ta ne domin ƙasashen da ruwa ba ya yankewa a famfo, wuta ba ta ɗaukewa, ana kuma buɗe ruwan zafi kullum, rani da damina. Mu kuwa duk ukun nan mun saɓa. Ruwanmu daga tankin bisa yake zuwa, wanda ake cikawa daga rijiya ko burtsatse, yana kuma ƙarewa ba sallama. Wuta ta zo ta tafi yadda ta ga dama. Sa'an nan hitar kanta wata uku take aiki, daga Maris zuwa Nuwamba tana barci da ruwa a cikinta. A cikin barcin nan galibi take lalacewa, mai gida bai sani ba.

Kafin mutum ya iya kula da abu sai ya san cikinsa. In aka kwance murfin da ke ƙarƙashin hita, za a tarar da ƙarfe lanƙwasasshe wanda ke shiga cikin ruwa, shi ne wuta ke bi ya yi zafi, masu gyara na ce masa elimen. Kusa da shi akwai mai tsaron zafi, watau tamostat, wanda aikinsa ya yanke wuta in ruwa ya kai inda aka ƙayyade, ya mayar in ya huce. A waje, bisa bututun da ke shigar da ruwan sanyi, mai zobe shuɗi, akwai wani ɗan bawul na tagulla mai ɗan hannu da ɗan baki a gefe, shi ne bawul ɗin tsaro. Na huɗu shi ne wanda ba a cika sani ba, wata sanda ta ƙarfen maganiziyam da aka ɗaura a ciki. Ni na kan kira ta sandar fansa, domin cikin tukunyar baƙin ƙarfe ne da aka shafe da wani abu mai kama da tangaran, ba a kuwa rasa 'yar tsaga a shafen, to maimakon ruwa ya ci ƙarfen tukunya sai ya riƙa cin sandar nan. Muddin tana nan tukunya na lafiya. Ran da ta ƙare, tsatsa ta juya kan tukunya, ba ta bari sai ta huda ta.

Bari in fara da bawul ɗin tsaro, gama a kansa rai yake. Ruwa in ya yi zafi yana kumbura. Lita 50, watau jarka biyu, in aka ɗaga shi daga digiri 20 zuwa 60, yana ƙaruwa da fiye da rabin lita, ƙarin nan kuwa dole ya sami hanyar fita. Shi ya sa a kan ga bakin bawul yana ɗiga kaɗan kaɗan sa'ad da hita ke aiki. Wannan ɗigar lafiya ce. Amma sau nawa na shiga makewayi a gidajen mutane na tarar an cusa wa bakin nan tsinke ko ƙusa, ko an naɗe shi da roba, wai yana ɓata bango! Wani ma mai aikin famfo ne zai cire bawul ɗin ɗungum ya haɗa bututu kai tsaye, ya ce ai ƙaƙale ne na Turawa. Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa. In tamostat ya mutu a kunne, wuta ta ci gaba da dafa ruwa a tukunya rufaffiya, zafinsa ya wuce na tafasa amma matsi ya hana shi tafasa, to da zarar ƙarfen ya tsage sai wani kashi na ruwan ya rikiɗe tururi nan take, tururi kuwa yana neman wuri sama da ninki 1,600 na ruwan da ya haife shi. Tukunya ta tashi kamar an harba igwa. Ranar 19 ga Janairu 1982, a makarantar firamare ta Star da ke garin Spencer, jihar Oklahoma ta Amurka, tukunyar ruwan zafi ta ɗakin girki ta fashe ana cikin cin abincin rana, yara 6 da malama ɗaya suka rasu. Tasu ta gas ce, amma da aka bincika sai aka tarar mai tsaron zafi ya kasa, bawul ɗin tsaro kuma an taɓa shi har ba ya iya aikinsa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin yi kaɗan ne: a sa wa bakin bawul siririn tiyo a kai shi magudana, sa'an nan sau ɗaya a wata, lokacin da ake amfani da hita, mai gida ya ɗaga ɗan hannun ya ga ruwa ya fito, ya saki ya ga ya tsaya. In ya ƙi ɗaguwa, ko ruwa ya ƙi fita, ko ya ƙi tsayawa, a kashe hita a sayo sabon bawul irin wanda ya zo da ita. Kuɗinsa bai kai komai ba a kan kuɗin hitar.

Bawul ɗin nan yana da wani aiki na biyu wanda ya fi shafarmu. A cikinsa akwai ɗan marfi mai barin ruwa ya shiga, ya hana shi komawa baya. In tankin bisa ya ƙare, aka buɗe famfon sanyi a tsakar gida, hitar da ba ta da wannan marfi sai ta tsiyaye ta baya. Ga makunni an bar shi a kunne tun jiya domin an ɗauke wuta, an manta. Tsakar dare a kawo wuta, kowa na barci, elimen ya yi ja a busasshiyar tukunya, cikin ɗan lokaci kaɗan ya ƙone. Da safe a ce ai kayan zamani ba su da ƙarko. Saboda haka ya kamata a kafa doka a gida, yara da manya su sani: in aka ɗauke wuta a kashe makunnin hita, ba a kuma kunna shi sai an buɗe famfon zafi an ga ruwa na zuba sosai, ba ya tari ba ya fesar iska.

Sai maganar wuta. Wutarmu bolt 230 ce, jiƙaƙƙen mutum kuwa tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, babu wanda ya fi shi sauƙin kamu. A cikin wayoyi uku da ke shiga hita akwai mai launin kore da rawaya, ita ce wayar ƙasa, wadda ya kamata ta tafi har ga sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa a bayan gida. In elimen ya tsufa ya tsage, wuta ta shiga ruwa, ta wannan waya za ta gudu. Gidaje da yawa an ja musu waya biyu kawai don a rage kuɗi, wasu kuma akwai sandar amma an kafa ta a busasshen tsakuwa, ko tsatsa ta cinye mahaɗinta. Tun ran gini ran zane, amma wanda ya riga ya gina bai makara ba. A kira mai aikin wuta wanda ya san aikinsa, ya auna wayar ƙasa da na'ura, ya ja wa hita wayarta ita kaɗai mai kauri milimita 2.5 daga akwatin rarraba wuta, ya sa mata makunni mai amfiya 20 mai ɗan fitila a wajen makewayi, inda ruwa ba ya kaiwa. Ya kuma sa burekar nan mai yanke wuta da zarar miliamfiya 30 ta ɓace daga hanya, domin ita ce ke rigan wuta kaiwa ga zuciya. Duk ran da wani a gida ya ce ya ji famfo yana ɗan cizonsa, ko da yaro ne, kada a ce ƙarya yake. A kashe a bari a kashe har mai gyara ya zo. Ni ra'ayina ma, ko komai lafiya, a dumama ruwa a kashe makunni sa'an nan a shiga wanka, tun da tukunyar na riƙe zafi sa'o'i da yawa.

Wannan ya kawo ni ga ƙanwarta, hitar bokiti, wadda ta fi yawa a ɗakunan 'yan makaranta da gidajen haya. Ita ba ta da mai tsaro ko ɗaya. Kada a taɓa ruwa da yatsa don a ji ko ya yi, sai an zare ta daga bango, kada a sa ta a bokitin ƙarfe, kada kuma a bar ta da yaro. Waɗanda ke shiga makewayi ko ɗaki da kaskon gawayi su rufe ƙofa da taga, su ma su sani hayaƙin da ke kisa ba shi da wari ba shi da launi.

Wane zafi ya kamata a tsayar da tamostat? A nan akwai haɗari ta fuska biyu. In aka bar ruwa ɗumi ɗumi, tsakanin digiri 20 da 45, ya daɗe a kwance, wata ƙwayar cuta mai kama huhu tana iya yaɗuwa a ciki, mutum ya shaƙe ta cikin feshin shawa. An gano ta ne bayan wani taron tsofaffin sojoji a otal a birnin Philadelphia a 1976, inda mutum 221 suka kamu, 34 suka rasu. Digiri 60 yana kashe ta. Amma ruwa mai digiri 60 yana sale fatar babba cikin daƙiƙa kaɗan, balle jariri da tsoho. Don haka a tsayar a 60, a kuma sirka a bokiti, a fara zuba na sanyi kana na zafi, a gwada da gwiwar hannu. Na san gidajen da in aka yi haihuwa sai a murɗa tamostat har ƙarshe domin wankan jego, wai sai ruwa ya yi kamar na tukunyar murhu. Wannan yana gajiyar da hita, yana tara mata ɓawo, ita mai jegon ma ba alheri ba ne gare ta. Tun cikin shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta cewa ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa ya yi yawa a wannan yanki, suka kuma danganta shi da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta da yawan kunun kanwa. Ba na jayayya da tsofaffi a jarida, amma ga abin da likitoci suka ce.

Yanzu ga aikin shekara, wanda shi ne ainihin dalilin takardata. In sanyi ya wuce, wajen Maris, kada a bar ruwa ya kwana wata tara a tukunya. A kashe makunni, a bari ruwa ya huce, a rufe famfon da ke shigar da na sanyi, a buɗe famfon zafi domin iska ta shiga, a ɗaga hannun bawul har ta tsiyaye. Sa'an nan a liƙa takarda a kan makunni, ko a sauke burekarta, don kada baƙo ya kunna. In kaka ta yi, wajen Oktoba, lokacin da kuɗin amfanin gona ya fara shigowa, masu gyara kuma ba su fara ɗaukar kai ba, a kira ɗaya ya kwance elimen. Za ka yi mamakin abin da zai fito: laka da yashin rijiya, da ɓawo fari mai tauri irin wanda ke kama gindin butar shayi. Ɓawon nan shi ke naɗe elimen ya hana zafinsa shiga ruwa, sai ka ji hita na ƙara kamar ana tuya, tana daɗewa ba ta dumama ba, ƙarshe elimen ya ƙone kansa. A jiƙa shi cikin ruwan lemun tsami ko ruwan khal ya kwana, a goge a hankali, ba da wuƙa ba. A dubi sandar fansa, in ta zama kamar tsinken tsire ko ta rage ƙasa da rabi a sake ta. A sake robar bakin murfi, gama tsohuwa ba ta komawa ta riƙe. Wanda ruwansa ke zuwa da yashi ya sa matata tsakanin tanki da gida, ya kuma wanke tankin kansa.

Wanda bai tsiyaye tasa ba, ya zo buɗewa ya ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kada ya ce an jefa masa wani abu a tanki. Ƙwayoyin da ke cikin kwantaccen ruwa ne suka haɗu da sandar nan suka haifi iska mai wari. Har wa yau hitar da ta yi mako biyu ko fiye ba a taɓa ta ba tana iya tara wata iska mai kama wuta. A buɗe famfon zafi ya yi ta zuba na wasu mintoci, ba fitilar kwai ba sigari a kusa, sa'an nan a dumama sabon ruwa zuwa 60 a zubar, a sake cikawa.

Yaushe ake gyara, yaushe ake sakewa? In ruwa ya ƙi zafi sam, galibi elimen ne ko tamostat, ko kuwa ɗan maɓallin tsaro da ke jikin tamostat ya faɗa. Duk waɗannan ana samunsu a kasuwa. Amma in maɓallin nan ya faɗa sau biyu, kada a yi ta mayar da shi, akwai abin da ke kayar da shi. In zafin ne ya yi rauni, a fara duban wuta kafin a zargi hita, domin elimen mai wat 1,500 in wuta ta sauko zuwa bolt 160 bai fi rabin ƙarfinsa yake bayarwa ba. In ɗiga ce daga mahaɗin bututu ko daga robar murfi, gyara ne mai sauƙi. Amma in ruwa na fitowa daga jikin tukunyar kanta, ko ruwan zafi na zuwa ja da tsatsa alhali na sanyi garau ne, to kwananta ya ƙare. Kada a yarda a kai ta wurin mai walda, gama wuta na ƙone shafen ciki, ta koma ta huje a gefen ɗinkin, ga shi kuwa abu ne mai ɗaukar matsi a bisa kan mutane. Wadda ake kula da ita tana kaiwa shekara 10 ko fiye, wadda aka yi wa ko oho wani lokaci ko rabin haka ba ta yi.

Mai sayen sabuwa ya yi lissafi tukuna. Lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 tana cin yunit 2.3, watau kimanin awa ɗaya da rabi ga elimen mai wat 1,500. Da farashin naira 225 kowane yunit, wanda hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta yanka a Afrilu 2024 ga masu samun wuta awa 20 a yini, dumamawa ɗaya ta haura naira 500. Ƙaramin janaretan nan na shago ba ya ɗaukarta. Masu sola kuma su sani, batir mai bolt 12 da amfiya 200 duk abin da ke cikinsa yunit 2.4 ne, wanka ɗaya ya shanye shi tas. Gidan mutum biyu ko uku lita 30 ta ishe su, tun da sirkawa ake yi. Babba kuwa nauyi gare ta: mai lita 50 in ta cika ta fi buhun taki, tana neman kilo 70, saboda haka ba a kafa ta a bangon ƙasa, ko a bulon da ba a cika ramukansa da kankare ba. A dubi kwali a tabbata bawul ɗin tsaro na ciki, da takardar garanti mai hatimin mai shago. Tsohuwar da aka fenta aka kawo daga waje, ba wanda ya ga cikinta, araha kuwa ba ta ado.

Akwai kuma mai dumamawa da rana, wadda ake ɗorawa bisa rufi, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana ƙera irinta. Ba ta cin mita, amma ƙurar hunturu na rufe gilashinta daidai lokacin da aka fi bukatarta, sai an riƙa sharewa duk mako, ita ma tana da bawul da sandar fansa da ke son dubawa. Wanda ba shi da halin ko ɗaya daga cikin waɗannan, ya sami baƙar jarka ya cika, ya ajiye ta a rana tun hantsi inda iska ba ta bugawa, da la'asar ya shigar da ita ɗaki ya lulluɓe da tsohon bargo. Ruwan wankan yara na yamma ya samu, in an yi sa'a har alwalar asuba da sauran ɗumi.

 

Naka,
Wani malamin makaranta, Bakori.